Magen da Ni Na Kawo

Asabar, 18 ga Mayu, 2024

Ruwa bai sauka ba. Hadari ya haɗu ta wajen Bakori, iska ta watsa shi.

Na je wurin Dakta Gertrude, likitar dabbobi, neman mage saboda ɓerayen da suka addabi ɗan sitona. Matashiya nake so, mai kuzari. Ta kai ni wani ɗaki a bayan asibitinta inda take tara magunan da mutane suka watsar. Duk suka taso suna kuka suna goga jiki a waya, ban da guda ɗaya can a kusurwa, ta juya wa kowa baya tana kallon bango. Ja-ja ce, kalar dawa kaura, ƙashin bayanta duk a waje.

Dakta ta ce, da Hausarta ta haifaffun Funtua, "Baba, wannan ba ta kamun ɓera ba ce. Ta gama nata." Wai shekara goma sha biyu tana gadin masara a siton wani ɗan kasuwa. Da ya rasu magada suka ba mai siminti wurin, aka kore ta da tsintsiya. Haƙora huɗu suka rage mata. Ido ɗaya ya yi fari. Ga ciwon ƙoda: ba gishiri, ba ƙashi, ƙwaya ɗaya kowace safiya, ruwa mai tsabta kullum. Wata bakwai tana wurin ba wanda ya ko tambaye ta.

Ni ma shekara talatin da biyar na yi ina malamin gona, ranar sallama aka ba ni agogon bango da lemo ɗaya. Na ce a saka min ita a kwali.

Matata Sakinatu ta leƙa kwalin ta ce, "Malam, mage ka ce za ka kawo ko majinyaciya?" Ta ce in sani tun yanzu, ba ruwanta, ba za ta taɓa ta ba. Na ce ai ban roƙe ki ba. Tawa ce. Na sa mata suna Kaura.

Litinin, 20 ga Mayu

Tun da na buɗe kwalin ta shige bayan buhunan masara, ban sake ganin ko jelarta ba. Da kaina na je kasuwa na sayo kifi, na dafa ba gishiri, na cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya da tabarau a hanci, na murtsuke da shinkafa. Ni da ban taɓa dafa ko ruwan shayi ba a gidan nan. Na tsuguna a ƙofar sito ina mus-mus har gwiwata ta fara ciwo. Shiru.

Sakinatu ta wuce da bokiti. Na ga kafaɗarta tana rawa, dariya take dannewa.

Laraba, 22 ga Mayu

Ƙwayar safe. Na janye buhu biyu na kamo ta. Yakushi uku a hannun dama, ɗaya a haɓa, ƙwayar kuma a aljihun rigata na tsince ta. Tsohuwa mai haƙora huɗu!

Bayan la'asar Alhaji Maitama, abokina tun firamare, ya ƙare wa haɓata kallo ya ce ko Hajiya ce ta gaji da ni. Na ba shi labari, na kuma yi da-na-sani. Yanzu duk majalisa "malamin mage" ake ce min.

Asabar, 25 ga Mayu

Ruwa milimita 22. Alhamdu lillahi, gobe shuka.

Kwanon Kaura a share nake samunsa in na dawo daga masallaci. Ashe tana ci. Idona ne ba ta so.

Talata, 28 ga Mayu

Na manta sauran iri a gida, na juyo daga gona wajen ƙarfe goma. Babur ya mutu a bakin layi, turo shi na yi, don haka ba wanda ya ji shigowata. Daga zaure na hango su. Sakinatu a kan tabarma tana tsinke zogale, Kaura kwance ta ɗora haɓa a kan ƙafarta, ido a lumshe, har da wannan ƙarar da suke yi a maƙogwaro in sun ji daɗi. Magen da kwana goma nake rarrashi!

Amma ba wannan ne ya fi tsaya min a rai ba. Muryar ce. Tana ce mata, "Sannu, baiwar Allah. Sannu, kin sha wuya. Yi barcinki." A hankali, ƙasa-ƙasa, da wani ɗan ja a ƙarshen magana. Na san muryar nan. Da ita take min sannu da zuwa a Gozaki, shekarar da aka kawo ta, in na dawo da taɓo har gwiwa. Na ɗauka tsufa ne ya cinye ta. Ashe tana nan, ajiye ta aka yi.

Ni kuwa ga rabona: "Ga abinci nan." "An kawo wuta." "Ruwan wanka zai huce."

Na yi gyaran murya. Kafin in rufe baki Kaura ta kai sito. Sakinatu ta ce, "Ni fa ban kira ta ba." Na ce na tambaye ki? Na ɗauki irina na fita. Layi uku na shuka a karkace.

Alhamis, 30 ga Mayu

Wadda ta ce ba za ta taɓa ta ba. Hm.

Lahadi, 2 ga Yuni

Ruwa milimita 9.

Na lura ƙwayoyin suna raguwa ba da hannuna ba. Yau na ga yadda ake yi. Ta naɗe ta a tsohon zani kamar jaririya, ta jira, ta jira, ta shafa gefen bakin, ƙwaya ta wuce. Ko motsi. Na danne zuciyata na ce ta nuna min. Ta ce, "Ba wani abu ba ne, Malam. Kai kamawa kake yi, ni jira nake."

Ji min magana! Ni da na koya wa manoman ƙananan hukumomi uku tazarar shuka da awon taki, yau ni ake koya wa jira. Na ce to malama, na gode. Ban ci tuwon da yawa ba, don ta gane. Ba ta gane ba. Ko ta gane ta share.

Laraba, 5 ga Yuni

Abin da na yi yau ko a nan ina jin kunyar rubutawa. Na ce ko warin man babur da takalmin roba ne ke korarta. Sakinatu ta shiga maƙwabta barka, na cire takalmi, na ɗauko mayafinta daga kan igiya na shimfiɗa a cinyata, na zauna daidai inda take zama, har da faranti da zogale. Na ƙanƙance murya na ce, "Zo, baiwar Allah."

Kaura ta leƙo. Ta dube ni da idon nan guda, kallon da ake wa mai tallan maganin ƙarya a tasha, ta koma.

Ina ɗagowa sai ga mai mayafi a tsaye. Ta ce, "In ka gama da shi zan je kasuwa." Wallahi da ta yi dariya da ya fi min sauƙi.

Juma'a, 7 ga Yuni

Na kai ta awo. Daga kilo biyu da ɗigo shida ta kai biyu da ɗigo tara. Dakta ta yi murna, ta tambayi wa ke ba ta ƙwayar, bakina ya suɓuce na faɗi gaskiya. Sai cewa ta yi, "Kai, gaishe min da Mama, hannunta yana da albarka."

Wa ya ɗauko ta a babur? Wa ke cire ƙayar kifi? Ban isar da gaisuwar ba.

Lahadi, 9 ga Yuni

Na sayo ragon layya wurin wani mutumin Musawa. Ƙato ne, amma kaska ta cika masa kunne da ƙasan ciki, ga ƙuma. Na sayo maganin kaska, na auna da sirinji daidai nauyinsa, na sirka da ruwa, na wanke shi tas. Kafin la'asar suna zubowa. Wannan kam aikina ne, ba mai koya min.

Sakinatu ta ce in ɗaure shi nesa da sito. Ba don masarata ba, a'a, don kada ya tsorata gimbiya.

Laraba, 12 ga Yuni

Rukayya, autarmu, ta bugo daga Kaduna. Wayata ta kira, ta gaishe ni a gurguje, sai "Baba, ina magen Umma? A nuna min ita." Magen Umma! Na ce magen wa? Ta ce ai Umma ce ke turo mata hotuna kullum. Matar da ko hoton masarata ba ta taɓa ɗauka ba, shekarar da na ci kyautar gonar gwaji.

Na miƙa wa uwar wayar. Minti ashirin suna hirar mage da cajina.

Lahadi, 16 ga Yuni, Babbar Sallah

An yi layya lafiya, Allah Ya karɓa. Shekara talatin da shida, abin da ke fara fitowa daga madafin gidan nan ranar Sallah shi ne gasasshiyar hantata. Yau ina zaune da Maitama a zaure muna jira, na leƙa, sai na tarar an ɗora wata 'yar tukunya daban. Tsoka ce zalla, ba gishiri ba kitse, ana dafa wa Kaura, wai kada ƙamshi ya dame ta alhali ba ta da haƙoran ci.

Hantar ta zo daga baya. Ta yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Amma daga baya ta zo.

Laraba, 19 ga Yuni

Ruwa milimita 31. Ban je gona ba.

Ina ɗaki ina gyaran rediyo, su suna baranda, ita da magen. Yau Kaura ta ɗan yi gardamar ƙwaya. Sai na ji Sakinatu tana cewa, da muryar nan, "Haka Mahadi yake yi. Ya datse baki, sai na ce masa in ya sha zai yi ƙarfin hawa keke."

Na ajiye sukundireba.

Shekara ashirin da takwas ban ji sunan nan a bakinta ba. Mahadi, ɗanmu na biyu, shekararsa shida. Daminar 1996, ina Musawa ana rabon taki, lokacin babu waya. Ranar Talata ta aiko direban motar kasuwa cewa jikin yaro ya yi zafi ƙwarai, in zo. Na yagi takarda na rubuta: a ba shi rabin ƙwayar zazzaɓi safe da yamma, zan zo Juma'a in an gama rabo. Na zo Juma'a. Ranar Alhamis aka binne shi.

Ba ta taɓa ce min komai a kai ba. Ba zargi, ba kuka a gabana. Na ɗauka haƙuri ne, na kuma gode wa Allah da Ya ba ni mace mai haƙuri. Yau ga ta tana ba mage labarin ɗana. Mage! Ni da na haife shi ban isa a yi maganarsa da ni ba, sai dabbar da na ɗauko a kwali wata ɗaya da ya wuce.

Kishi nake. To, na rubuta. Ina da shekara sittin da uku ina kishi da mage, kuma ban ma san wacce nake kishi a kanta ba, ita ko ita.

Asabar, 22 ga Yuni

Kaura na susa ba ji ba gani, har gashin wuyanta ya fara zubewa. Ƙuma ce, ragon nan ya bar mana tsaraba. Sakinatu ta ce a kai ta wurin Dakta. Na ce ƙuma har sai an je asibiti? Ta ce ita dai a kai ta. Na ce sai na ga hali.

Litinin, 24 ga Yuni

Gobe Sakinatu za ta Malumfashi sunan jikar yayarta, sai la'asar. Ta jera min umarni kamar sabon ɗan aiki: ƙwaya ita za ta ba ta kafin ta fita, kifi yana cikin kula, kada in matsa mata, Laraba mu kai ta asibiti tare.

Akwai sauran maganin ragon a kwalba. Rago kilo arba'in, Kaura ba ta kai uku ba, lissafi ne mai sauƙi. Ta dawo ta tarar susa ta tsaya. Sai mu ga hannun wa ke da albarka.

Talata, 25 ga Yuni

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Zan rubuta yadda aka yi, daidai, ba ragi.

Ƙarfe tara na rufe ƙofar sito na kama ta da buhu. Na auna, na ma rage a kan abin da lissafi ya bayar, na sirka, na jiƙa tsumma na goge ta daga wuya har jela. Ba ta ma yi faɗa sosai ba. Na sake ta, na wanke hannu, ina jin daɗin kaina.

Da na dawo daga sallar azahar na same ta a tsakar gida, a fili, inda ba ta taɓa tsayawa in ina nan. Kunnuwanta na karkarwa. Yawu na dalala. Ta yunƙura ta tashi ta faɗi, sai duk jikin ya ɗauki jijjiga, ƙafafu na shure-shure a ƙasa. Na ɗauke ta. Karon farko da ta zauna a hannuna, kuma don ba ta iya gudu ne.

Na kira Dakta. "Baba, me ka sa mata?" Na faɗa. Ta yi wata ƙara, ta ce in wanke ta yanzu-yanzu da sabulun wanke-wanke da ruwan ɗumi, sau biyu, in naɗe ta in taho. Ban san yadda na ratsa kasuwa a babur ba.

Allura biyu, ƙarin ruwa a ƙafar gaba. Da jijjigar ta ɗan lafa Dakta ta juyo. Yarinyar da na girmi ubanta. Ta ce, "Baba, mage ba ƙaramin rago ba ce. Wannan maganin jikinta ba ya iya fitar da shi, ko ɗigo ne. Ga ƙoda dama ba lafiya." Na ce za ta tashi? Ta ce sai an ga kwana uku.

Sakinatu ta iso bayan la'asar, maƙwabta suka faɗa mata inda muke. Ko mayafin biki ba ta canza ba. Ta tsaya a kan kejin ta ce me ya same ta. Dakta ta sunkuyar da kai tana gyaran robar ruwa, ta bar min fili. Da na ce wani abu ta lasa a waje, da ya wuce. Har maganar ta zo bakina.

Na ce ni ne. Maganin rago na sa mata.

Ta juyo gare ni. Ta ce, "Ka auna?" Na ce na auna. Ta ce, "Kullum kana aunawa, Malam."

Ni na san takardar da take nufi.

Laraba, 26 ga Yuni

Tun ƙarfe bakwai ina asibiti. Gidan Dakta a jikin wurin yake, ta ce an sake yi wa Kaura allura kafin asuba. Tana numfashi, ba ta ci, fatar bayanta na ta motsi. Haske da ƙara suna tayar mata da jijjigar, don haka aka lulluɓe kejin, kuma ana son wani ya zauna ya riƙe ƙafar kada robar ruwa ta fita. Na ce ga ni.

Sakinatu ta zo da hantsi, ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Ta yi wa Kaura magana da muryar, ni ko kallo. Yau ban ji haushi ba. Addu'a nake magen ta ji ta.

Alhamis, 27 ga Yuni

Wajen sha ɗaya Maitama ya bugo. Takin ƙungiyarmu ta manoma ya iso Bakori, yau kaɗai ake rabo, kuma sai mutum ya zo da kansa ya sa hannu. Masarata ta kai gwiwa, ganye ya fara ɗorawa, wannan takin take jira. Yana ta ihu a waya, "Kai, malamin mage, taso mana, mota na cika!"

Sakinatu ta ji komai. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ka je. Ai rabon taki ne." Na ce wa Maitama a ba wani. Ya ce ka haukace? Saboda mage? Na kashe wayar.

Ta ce, "Gonar fa?" Na ce ba inda za ni.

Da azahar ta fita, na ɗauka gida ta tafi. Sai ga ta da kula, shinkafa da wake, ta ajiye a tsakaninmu. Hannuna na dama yana cikin keji, da hagu ba a ci, sai ta karɓi ƙafar Kaura ta riƙe har na gama. Tana riƙe da ita ne ta fara magana, idonta a kan magen.

Ta ce ranar Laraba Mahadi bai ƙara tambayar ruwa ba, babur yake saurare. Duk wanda ya wuce a layi sai ya ɗaga kai ya ce, "Umma, Baba ne?" Ita kuma tana cewa saura kaɗan. Ta ce har yau in ta ji ƙarar babur ɗina a ƙofar gida sai gabanta ya faɗi kafin ta tuna wace shekara ake.

Shekara ashirin da takwas ina shigowa gidan nan da ƙarar nan sau uku a rana.

Na ce me ya sa ba ki taɓa faɗa min ba. Ta ce, "Ba ka taɓa zama ba." Na ce ki yafe min. Ban iya ƙarasa sauran ba, a gaban karnukan mutane da wani mai akuya da ke jiran layi. Ta ce in ci abincina.

Juma'a, 28 ga Yuni

Ta lashi ruwan kifi a yatsa. Yatsan Sakinatu. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi.

Litinin, 1 ga Yuli

An sallame mu. Kanta ya ɗan karkace, Dakta ta ce watakila haka zai zauna, ƙodar kuma ta ƙara rauni, za a riƙa kawo ta ƙarin ruwa duk mako biyu. Ta ba mu maganin ƙuma na mage, ta dube ni ta ce, "Mama ce za ta sa." Na ce haka ne.

Sakinatu ta rungumo ta a keke-napep, ni na biyo su a baya. A bakin layi na kashe babur na turo shi.

Kwalbar na kai gona na binne.

Asabar, 6 ga Yuli

Ruwa milimita 18. Na zuba takin kaji da na samu wurin Maitama, bayan ya gama yi min tsiya. Masarar bana ba za ta yi abin kirki ba, na sani.

Kaura na ganina take barin wurin. Da can tsoro ne kawai, yanzu tana da hujja. Ni ke dafa kifi, in ajiye a bakin madafi, in koma zaure har ta gama. Wani lokaci ina jiyo su. Har yanzu yana ɗan sosa min rai, ba zan ɓoye ba.

Jiya Sakinatu ta tambaye ni ko babur ɗin ya lalace ne da kullum nake turo shi. Na ce mai nake tattali.

Lahadi, 14 ga Yuli

Mun je maƙabarta ni da Maitama, ya nuna min wajen da yake zaton nan ne. Maitama ne ya sa Mahadi a kabari, ban taɓa tambayarsa ba sai yau. Da na dawo na faɗa mata. Ta ce akwai bishiyar darbejiya a gefen? Na ce akwai, ta girma. Ta gyaɗa kai. Daga baya ta ba ni labarin yadda yaron yake ɓoye ƙuli-ƙuli a cikin takalmin aikina. Ni ta ba, Kaura tana sito tana barci.

Lahadi, 21 ga Yuli

An yi ruwa da safe. Na manta ban duba ma'auni ba sai da rana ta yi, ban san ko nawa ba ne. Mai yawa dai.

Bayan ya ɗauke muna baranda, tana tsinke zogale, ni ma na ja farantin ina taya ta, ba don komai ba, hannuna ne ba abin yi. Kaura ta fito da karkataccen kanta, ta zagaya, ta kwanta a jikin Sakinatu kamar kullum. Sai dai bayanta ya sauka a kan ƙafata. Ta wajen makahon idon nake, ba ta san ni ba ne. Kuskure ne kawai.

Na yunƙura zan janye, kada ta farga ta firgita. Sakinatu ta ɗora hannu a gwiwata ta ce, "Kar ka motsa, Malam. Zauna." Ƙasa-ƙasa, da ɗan jan nan a ƙarshe. Watakila don kada magen ta tashi ne ta yi ƙasa da murya. Ban tambaya ba.

Ƙafar ta sage tun kafin a gama zogalen. Na bar ta.

Rukayya ta bugo da yamma, ta ce ina magen Umma. Na ce tana nan lafiya, ta ci kifinta.